Wane suna ya dace da muƙalar abin da ya sami Armeniyawa a 1915?

Ɗalibin Tarihi, Kano

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina da wata matsala da ta hana ni sakat kusan mako uku, kuma ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga aikin rubutu a Wikipedia. Ni da wani ɗan'uwa edita muna shirya muƙala da Hausa a shafin gwaji, game da abin da ya sami Armeniyawa a ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkawa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma dole nake maimaita "ta Turkawa" a kowane sakin layi, domin mai karatu a ƙasarmu idan ya ga Daular Usmaniyya, Sakkwato zuciyarsa take tafiya. Na fara da daren 24 ga Afrilu, 1915, lokacin da aka kama shugabanni da marubutan Armeniyawa sama da 200 a Istanbul, na bi da dokar kwashe jama'a da aka kafa a ƙarshen watan Mayu, sannan na kawo yadda aka ware mazaje aka kashe, aka kora mata da yara da tsofaffi a ƙasa daga garuruwan Anatoliya, wato tsakiya da gabashin Turkiyya ta yau, zuwa hamadar Siriya, har yankin Dairuz Zur. Masana suna kawo adadin waɗanda suka halaka tsakanin mutum 600,000 da miliyan 1.5, kuma haka na rubuta, ban zaɓi ɗaya na bar ɗaya ba.

Sunan da na ba muƙalar shi ne "Kisan ƙare dangi na Armeniyawa". Wani dare ina zaune a shagon cajin waya na buɗe tarihin shafin, sai na ga jan rubutu mai nuna an goge wani abu mai yawa. Abokin aikina ya mayar da sunan "Rikicin Armeniyawa na 1915", kuma duk inda na rubuta "an kashe" ya sauya shi da "sun mutu". Na mayar, ya sake sauyawa, na sake mayarwa, har na ga abin yana neman taɓa zumuncinmu, alhali shi ne ya koya mini yadda ake sanya manazarta tun ina sabon shiga. Hujjojinsa uku ne, kuma ba na raina su. Ya ce Turkiyya ba ta taɓa amincewa da wannan suna ba, ya ce babu wata kotun duniya da ta yanke hukunci a kan lamarin, ya kuma ce ƙa'idar Wikipedia ita ce rashin goyon bayan kowane ɓangare, don haka ɗaukar kalmar da ɓangare ɗaya yake ƙi ya zama shiga faɗan da ba namu ba.

Tambayata ita ce, idan gwamnati ta musanta abu, masana kuma suka tabbatar da shi, wace magana ce muƙala za ta ɗauka a matsayin tata? Kuma ta yaya sauran harsuna suka bi da irin wannan ja-in-ja?

Tsohon Edita, Zariya

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu na farko, ku daina mayar da gyaran juna, ku koma shafin tattaunawa. A Wikipedia ta Ingilishi akwai ƙa'idar da ta hana edita mayar da gyara fiye da sau 3 a shafi ɗaya cikin awa 24, kuma ba a duba wanda ya fi gaskiya kafin a toshe wanda ya karya ta.

Abokin aikinka ya fahimci ƙa'idar rashin son kai ta wata fuska da ba ita ake nufi ba. Ba a ce a raba shafi biyu daidai tsakanin mai cewa e da mai cewa a'a ba. Cewa aka yi a ba kowane ra'ayi gwargwadon nauyinsa a cikin ingantattun madogara, wato littattafan masana da mujallun da ake tantance rubutu kafin a buga. A kan Armeniyawa wannan nauyi ya rinjaya gefe guda tun da daɗewa. Ƙungiyar masana kisan ƙare dangi ta duniya ta zartar da matsaya a 1997 cewa abin da ya faru ya cika ma'anar laifin, kuma cikin waɗanda suka fi tono takardun daular har da Baturke masanin tarihi, Taner Akçam. Saboda haka muƙalar Ingilishi take kiran abin da sunansa kai tsaye, ta kuma ware wa musantawar gwamnatin Turkiyya wuri nata, inda aka bayyana ta a matsayin matsayar gwamnati.

Kada ka ɗauka an kai ga hakan cikin ruwan sanyi. Kwamitin sasanci na Wikipedia ta Ingilishi, wanda shi ne matakin ƙarshe na warware rikicin editoci, ya zauna sau biyu a 2007 a kan batutuwan Armeniya da Azarbaijan, ya sake zama a 2023, kuma a irin waɗannan batutuwa ana yawan kulle muƙala ta yadda ba mai taɓa ta sai wanda ya yi kwana 30 da rajista ya kuma yi gyara 500. Wannan kwamiti ba ya yanke hukunci a kan abin da ya faru a tarihi, halin editoci kawai yake dubawa. A wasu harsunan kuma hanyar ta sha bamban. Ta Turkanci ta yi shekaru tana amfani da kalmar "kırım", wadda take nufin kisa mai yawa, ta kauce wa "soykırım" da ke nufin ƙarar da al'umma. Ta Azarbaijan kuwa ta taɓa sanya wa sunan muƙalar kalmar da ke nufin abin ƙirƙira ne, har sai da aka kai ƙorafi dandalin da ya haɗa dukan harsuna a 2019.

Misalin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na Kuroshiya, domin ya shafi ƙaramar Wikipedia irin tamu. A can wasu 'yan tsirarun masu gudanarwa suka riƙe ragamar shafin kusan shekara 10, suka riƙa sassauta labarin sansanin Jasenovac, inda gwamnatin Ustasha mai ƙawance da 'yan Nazi ta kashe Sabiyawa da Yahudawa da 'yan ƙabilar Roma, wanda cibiyar tunawa da shi ta tattara sunayen mamata sama da 83,000. Duk editan da ya yi gardama sai a toshe shi. Abin ya kai a 2013 ministan ilimin ƙasar, Željko Jovanović, ya shawarci ɗalibai su guji shafin, kuma sai a 2021 Gidauniyar Wikimedia ta fitar da rahoton bincike da ya tabbatar da abin da ake ta faɗa. Babbar Wikipedia ma ba ta tsira ba, domin ta Ingilishi ta ɗauki shekara 15, daga 2004 zuwa 2019, tana ɗauke da labarin cewa an kashe 'yan Poland 200,000 da iskar gas a wani ramin hanya a birnin Warsaw, alhali masana ba su sami wata hujja a kansa ba. Wannan ƙari ne aka yi, ba ragi ba, kuma shi ma ɓarna ce. Idan shafin da dubban mutane ke sa wa ido ya yi wannan sake, to mu da ba mu da yawa, abin da mutum biyu suka amince da shi yau zai iya zama shi ne abin da ɗalibai za su riƙa kwafa shekara goma.

Ɗan Damagaram

Allah ya saka wa Malam da alheri, amma ina roƙon a ba ni dama in faɗi abin da nake zaton yana zuciyar abokin aikin nan, domin yana tawa zuciyar ma, kuma ban ga amfanin ɓoye shi ba. Ingantattun madogara da ake magana a kansu, su wa suka rubuta su, kuma da wane harshe? Mafi yawansu daga jami'o'in Turai da Amurka suke, kuma wasu ƙasashen Turai ne suka yaƙi daular suka raba ƙasarta a tsakaninsu bayan 1918. Faransa ta kafa dokar amincewa da kisan Armeniyawa a 2001, majalisar Jamus ta bi a 2016, Shugaba Biden na Amurka ya furta kalmar a 2021, kuma duk mai bin labarai ya san irin waɗannan matakai ba sa rabuwa da yanayin dangantaka da Ankara, babban birnin Turkiyya. Jamus ɗin nan sai a 2021 ta amince a hukumance da kisan ƙare dangin da ta yi wa Herero da Nama a Namibiya tsakanin 1904 da 1908, fiye da shekara 100 bayan aikata shi.

Sannan akwai mamatan da ba a cika ambata ba. Rasha ta kori Sarkasawa Musulmi daga Kaukasus a 1864, jama'a masu ɗimbin yawa suka halaka a hanya da gaɓar teku. A yaƙe-yaƙen Balkan na 1912 da 1913 an kashe Musulmi an kori wasu, suka kwarara Anatoliya ba su da komai. A 1915 sojan Rasha yana cikin gabashin Anatoliya, akwai rundunonin sa-kai na Armeniyawa a cikinsa, kuma an yi faɗa a birnin Van a watan Afrilu. Turkawa suna cewa kwashewar matakin tsaro ne a lokacin yaƙi, suna kiranta "tehcir", daga tushen Larabci ɗaya da kalmarmu ta hijira, suna kuma cewa yunwa da annoba da 'yan fashin hanya ne suka ci mutane da yawa. Ba na musanta cewa an kashe bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. Abin da nake tsoro shi ne yaronmu ya buɗe muƙala da harshensa ya tarar da daular Musulmi ita kaɗai a gaban shari'a, babu ko ambaton abin da aka yi wa nata mutanen.

Malamar Tarihi, Katsina

Malam na Damagaram, na ji daɗin yadda ka fito fili, kuma rabin maganarka ina tare da kai. Korar Sarkasawa da abin da ya sami Musulmin Balkan gaskiya ne, sun cancanci shiga sashen da ke bayyana asalin lamarin, sun kuma cancanci muƙalolinsu na kansu da Hausa, waɗanda ba wanda zai rubuta mana su idan ba mu ba. Gaskiya ne kuma cewa majalisun ƙasashe da siyasa suke aiki, shi ya sa ban yarda a kafa sunan muƙala a kan abin da Faransa ko Amurka suka zartar ba, kamar yadda ban yarda a kafa shi a kan abin da Turkiyya ta ƙi ba. Inda muka rabu shi ne zaton cewa shaidar daga Turawa kaɗai ta fito.

Bayan yaƙin, kotunan soja na daular da kanta suka zauna a Istanbul a 1919 da 1920, suka yanke wa Talat da Anwar da Jamal, manyan jam'iyyar da ke mulki, hukuncin kisa ba sa nan, aka kuma rataye hakimin gundumar Boğazlıyan, Mehmed Kemal, a watan Afrilun 1919 saboda kashe waɗanda aka kwashe. Za a iya cewa birnin yana hannun abokan gaba a lokacin, amma to yaya za a yi da Musulmin da suka ƙi umarnin tun a 1915, lokacin da ba wanda ya tilasta musu? Jalal Bey, gwamnan Halab sannan na Konya, ya ƙi, aka cire shi. Mazhar Bey, gwamnan Ankara, ya ƙi, aka cire shi. Husaini Nesimi, hakimin Lice, ya ƙi, aka kashe shi. Sharif Husaini na Makka ya rubuta takarda yana umartar a kare Armeniyawan da suka tsira a kula da su. Idan matakin tsaro ne kawai, me waɗannan mutane suka gani da ya sa suka sayar da muƙamansu, wani ma da ransa? Kuma Ankara ba ta bakin daga ba ce, Konya ma haka, matan da aka kora daga can ba su da hanyar taimakon sojan Rasha. Duk lokacin da muka sauya "an kashe" da "sun mutu", waɗannan Musulmi masu tsoron Allah muke fara ƙaryatawa.

Game da hujjar cewa babu kotun duniya da ta yi hukunci, kalmar kanta ba ta wanzu a 1915 ba. Lauya Raphael Lemkin ne ya ƙirƙire ta a 1944, kuma ya faɗa da bakinsa cewa abin da ya sami Armeniyawa yana cikin abubuwan da suka sa shi tunanin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana laifin ranar 9 ga Disamba, 1948, ta fara aiki a 1951. Rashin hukuncin kotu a kan abin da ya riga dokar zuwa ba ya hana masanin tarihi auna shi da ma'anar da dokar ta bayar, kuma ginshiƙin ma'anar ita ce niyya, wato nufin halaka wata al'umma ta ƙasa ko ƙabila ko launin fata ko addini, dukanta ko wani sashe nata. Yawan gawa shi kaɗai ba ya tabbatar da laifin, ƙarancinta kuma ba ya kore shi.

A nan ne nake ganin matsalar harshenmu, wadda ta fi matsalar editoci biyu girma. Gidajen rediyo da jaridunmu suna musanya "kisan kiyashi" da "kisan ƙare dangi" kamar abu ɗaya ne, alhali kunnen Bahaushe yana jin bambancinsu. Kiyashi yawa yake nunawa da rashin tausayi, an kashe mutane kamar yadda ake murƙushe ƙananan tururuwa. Ƙare dangi kuwa manufa yake nunawa, ana so kada a bar iri. Ya kamata Wikipedia ta Hausa ta ajiye ta biyun ga inda kotu ta tabbatar ko masana suka rinjaya, ta yi amfani da ta farkon a sauran wurare, kuma ta riƙe wannan ma'auni ko wane ne ya yi kisan. A Srebrenica an kashe Musulmi maza da yara maza sama da 8,000 a watan Yulin 1995, kotun laifukan tsohuwar Yugosilabiya da Kotun Duniya a 2007 duka suka ce kisan ƙare dangi ne, amma har yau hukumomin Sabiya suna ƙin kalmar da hujjoji masu kama da na Ankara, cewa yaƙi ne, cewa su ma an kashe nasu. Na tabbata babu ɗayanmu a nan da zai yarda a kira wannan muƙala "Rikicin Srebrenica" don kawai Belgrade, babban birnin Sabiya, ba ta amince ba.

Kuma tunda laifi tudu ne, ina so mu tuna cewa ranar da za mu rubuta namu tana nan tafe. Wata rana wani zai buɗe muƙala da Hausa a kan kashe-kashen da aka yi wa Ibo a garuruwan Arewa a 1966, bayan juyin mulkin 15 ga Janairu da ya ci Sardauna da Tafawa Ɓalewa, inda alƙaluman da ake kawowa suka kama daga 8,000 zuwa 30,000, da kuma abin da ya faru a Asaba a watan Oktoban 1967. A can masana ba su haɗu a kan kalmar ƙare dangi ba, don haka ba za mu sanya ta a suna ba, sai dai mu kawo masu faɗar ta da masu ƙinta kowa da sunansa. Amma ba za mu rubuta "sun mutu" ba, kuma ba za mu ɓoye su a ƙarƙashin kalmar rikici ba. Na koyar da wannan darasi ga ɗalibai 'yan aji shida, na ga yadda aji yake yin tsit idan aka zo wurin, wasu suna kallon allo wasu suna kallon tebur, domin a gida rabin labarin kawai aka ba su.

Ɗan Damagaram

Malama, maganar gwamnonin da suka ƙi umarni ta shige ni, domin ban taɓa jin sunayensu ba sai yau. Ban janye damuwata a kan inda madogara suke fitowa ba, kuma zan so in ga an sanya matsayar Turkiyya da kalmomin da ita kanta take amfani da su, ba yadda abokan gardamarta suke fassara ta ba. Idan aka yi haka, aka kuma ambaci 1864 da 1912 a sashen asali, ba zan yi jayayya da sunan ba. Ni zan ɗauki nauyin fara muƙalar Sarkasawa, in Allah ya yarda.

Ɗalibin Tarihi, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na daina mayar da gyaran, na kuma buɗe tattaunawa a shafin, inda na ba da shawarar a bar sunan "Kisan ƙare dangi na Armeniyawa", a ƙara sashe a kan halin da daular take ciki kafin 1915, a ware wa matsayar gwamnatin Turkiyya nata sashen har da kalmar "tehcir" da ma'anarta, a kuma kawo sunayen Jalal Bey da Mazhar Bey da Husaini Nesimi. Da yammacin jiya na je wurin abokin aikina da kaina bayan sallar la'asar, na nuna masa abin da kuka rubuta a wayata. Ya karanta amsar Malama sau biyu, ya ce ya amince a mayar da "an kashe" a duk inda madogara suka faɗi haka, amma a kan sunan yana so ya karanta labarin shari'o'in 1919 da kansa tukuna. Mun yi alkawarin ba za mu fitar da muƙalar daga shafin gwaji ba sai ya gama. Malam na Zariya, idan akwai hali ina roƙon ka leƙa shafin tattaunawar ka sa baki, domin mu biyu ne kawai a can har yanzu.